Tambayi Likitan Dabbobi: Zomona ya tsufa, in ci gaba da ba shi maganin ciwo kullum?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonni uku ne suka zo a kan abu ɗaya, tsohon zomo da ciwon jiki, shi ya sa na haɗe su wuri guda. Mun fi sabawa da zomon kiwo da ake sayarwa ko a yanka tun bai shekara ba, amma wanda aka ajiye a gida ana kula da shi yana kai shekara 8 har 12, kuma tun daga shekara 5 ko 6 jikinsa ke fara nuna tsufa.

TAMBAYA: Salam Likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina zaune a Manchesta ta Ingila ni da yarana, muna da zomo namiji da muka saya wa babbar 'yata tun tana firamare, yanzu shekararsa 8 ita kuma ta tafi jami'a ta bar min shi. Tun bara na lura ya daina hawa kujera, in zai tashi sai ya ɗan ja ƙafar baya, gindinsa kullum da kashi a manne sai na goge masa. Na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa hoto aka ce amosanin gaɓɓai ne kuma ƙashin bayansa ma ya taɓu, aka ba ni Metacam na ruwa aka ce in riƙa ba shi mil 0.8 kullum, nauyinsa kilo 2 ne. Wallahi cikin sati ɗaya ya warware har gudu yake a falo. To damuwata ita ce mahaifiyata Allah ya ji ƙanta ciwon ƙoda ne ya zama ajalinta kuma an ce mana yawan shan maganin ciwon jiki na cikin abin da ya jawo, shi ya sa hankalina ya kasa kwanciya na daina ba shi kullum, sai ranar da na ga ya takure nake ba shi. Sannan kwalin maganin hoton kare ne a jiki babu zomo ko ɗaya, sirinjin cikin kwalin ma in na duba inda aka rubuta kilo 2 ɗan mitsitsi ne bai kai abin da likitan ya ce ba. Ko kuskure ya yi? Daga wata uwa, Manchesta.

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya, Allah ya ji ƙan Mama ya sa ta huta. Tsoronki na da tushe, domin Metacam ɗin nan sunan da kamfani ya sa wa maganin ne, ainihin maganin meloksikam ne, kuma dangi ɗaya suke da irin magungunan ciwon jikin da ke gajiyar da ƙodar mutane in an daɗe ana sha ba lissafi. Amma dan Allah ki koma ba shi kullum yadda aka rubuta miki, tun daga yau, sannan ki kira asibitin ki faɗa musu kin tsallake na wani lokaci. Bari in gaya miki dalili.

Zomo dabba ce da komai ke farauta, shaho, kare, kyanwa, mutum. Wanda ya nuna rauni a dawa shi ake fara ɗauka, saboda haka halittarsa ce ya ɓoye ciwo iya ƙarfinsa. Ba ya kuka, ba ya ɗingishi a fili kamar kare. Kin ga kenan ranar da kika ga ya takure ba ranar ciwon ya fara ba, ranar ce ciwon ya fi ƙarfin ɓoyonsa, kwanakin da ke tsakani kuma da kike ganin lafiya lau yake, yana jin jiki shiru kawai ya yi. Amosanin gaɓɓai ba ya tafiya ya dawo, yana nan zaune, maganin ma ba warkar da shi yake ba, kumburin gaɓar yake dannewa, in an tsallake kwana biyu kumburin ya dawo sai a sake farawa daga farko.

Kuma ciwo a jikin zomo ba a gaɓa yake tsayawa ba. Cikinsa dole ya kasance cikin aiki dare da rana, in ciwo ya hana shi cin ciyawa sai hanjin ya yi sanyi ya tsaya, iska ta taru, shi kuma zomo ba ya iya amai balle ya samu sauƙi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, wannan na gaggawa ne, a ranar ake kai shi asibiti. Wannan tsayawar cikin ita ce abin da na fi ji wa tsohon zomo tsoro, fiye da maganin. Kashin da kike gogewa a gindinsa ma alama ce babba: zomo na fitar da kashi iri biyu, busasshe mai kama da ƙwaya da kike sharewa, da kuma wani mai laushi a cure wanda yake lanƙwasawa ya cinye kai tsaye daga jikinsa saboda akwai abinci a ciki. In baya ya ƙi lanƙwasuwa ba zai kai bakinsa can ba, sai ya zauna a kai ya manne. Ki leƙa kunnensa ma, ina kyautata zaton za ki ga dauɗa ta taru, don da ƙafar baya yake sosa kunne ya share shi.

Batun kwali kuwa likitanki bai yi kuskure ba. A Ingila ba a yi wa maganin rajista da sunan zomo ba, na kare da na kyanwa ake da su, doka kuma ta ba likitan dabbobi dama ya yi amfani da su ga wata dabbar in babu nata, watakila ma kin sa hannu a wata takarda a kan haka. Na kare kowane mil ɗaya akwai miligiram 1.5 a ciki, na kyanwa miligiram 0.5. Kare ana ba shi miligiram 0.1 a kan kowane kilo a rana, sirinjin cikin kwalin da wannan lissafin aka zana shi, shi ya sa kika ga ɗan mitsitsi. Shi kuwa zomo jikinsa na saurin fitar da maganin, cikin kamar awa 8 rabinsa ya bar jininsa, alhali kare sai ya yi kusan awa 24, saboda haka rabon zomo ya ninka na kare sau da yawa. Mil 0.8 ga zomo mai kilo 2 ya kama miligiram 0.6 a kan kowane kilo, kuma yana cikin abin da likitoci ke rubutawa, wasu har miligiram 1 suke kaiwa, wasu kuma su raba shi safe da yamma. Da kin bi zanen sirinjin kare da kashi ɗaya cikin shida kawai zai riƙa samu. Ki ajiye wancan sirinjin gefe ki karɓi ƙarami na mil 1 mai zanen mil, ki girgiza kwalbar sosai kafin ki zuƙa, in kin buɗe sabuwa ki rubuta kwanan wata a jiki don bayan wata 6 ba a amfani da ita.

A 2014 wasu likitoci a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka sun ba zomaye miligiram 1 a kan kowane kilo kullum har kwana 29, gwajin jininsu bai nuna illa ba. Sai dai masu lafiya ne, naki kuwa dattijo ne, don haka abin da zai kwantar miki da hankali ba rage magani ba ne, gwaji ne. Ki nemi a ɗebi jininsa a duba ƙoda da hanta yanzu, sannan a maimaita duk wata 3 zuwa 6 yadda likitan ya gani. Ki riƙa ɗora shi a sikelin kicin duk sati kina rubutawa, ramar zomo gashi ke ɓoye ta, hannu ba ya ganewa sai ta yi nisa. In kika ga ya fara shan ruwa fiye da kima yana yawan fitsari, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya yi baƙi ƙirin, ko ya juya wa abinci baya, kar ki ba da na ranar sai kin yi waya da asibitin. Inda maganin nan ya fi cutar da ƙoda shi ne in an ba dabbar da jikinta ya bushe ba ruwa, to ki sa masa ruwa a kwano ba a kwalba mai bututu kawai ba, sun fi sha a kwano, ganyen da za ki ba shi kuma ki bar shi da danshin wanki.

Ko da gwaji ya nuna ƙodar ta fara rauni ba shi ke nan ba, ana iya rage adadin a haɗa da gabapentin, wanda ya fi aiki a kan ciwon jijiya irin na baya, sai dai yakan sa su barci a farko. Ni a ganina zomo mai shekara 8 da ke gudu a falo yana cin ciyawarsa na wata shida ya fi wanda zai yi shekara a takure a lungu, kuma sau da yawa wanda aka sauƙaƙa wa ciwon ma shi ke daɗewa, tunda yana ci yana motsi.

Ki shimfiɗa masa darduma ko kafet a hanyoyin da yake bi, santsin katako da tayil na wahalar da ƙugunsa. Robar da yake bahaya a ciki ki yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa ya shiga ba tsalle. In bazara ta shigo ki duba gindinsa safe da yamma, ƙuda na yin ƙwai a gashin da ya jiƙe kuma cikin yini guda sun zama tsutsa. In kuɗin maganin na yi miki yawa kina da damar neman takardar magani a rubuce ki saya a kantin maganin dabbobi mai rajista na intanet, yakan fi sauƙi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Likita barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Funtuwa, ina da wata zomanya tun ina aji ɗaya na sakandare yanzu shekararta 6 da wani abu, 'ya'yanta duk na sayar amma ita na kasa rabuwa da ita. Kwanan nan ta rame, ba ta son motsi, in na matso sai in ji tana cizon haƙora ƙaras ƙaras, ƙasan ƙafafunta na baya gashin ya zube ya yi ja har ɗaya ta fara ƙurji. A kejin waya take. Na je kemis mai shagon ya ba ni dikulofenak ya ce in raba huɗu in jiƙa mata, wani maƙwabcinmu mai kiwon awaki kuma ya ce allurar deksa zai yi mata da Ampiclox saboda ƙurjin. Babanmu ya ce wahala kawai nake ba ta gara a yanka. Ban ba ta komai ba tukuna, me zan yi? Daga wani ɗalibi, Funtuwa.

AMSA: Ƙanena ka yi dabara da ka tsaya ka tambaya, domin cikin ukun nan akwai wanda zai iya kashe ta cikin 'yan kwanaki. Ampiclox da amoksisilin da duk dangin fenisilin in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, miyagun su yi yawa su saki guba, sai zawo, sai mutuwa. Abin da akuya ta ɗauka lafiya ba lallai zomo ya ɗauka ba, maƙwabcinka da kyakkyawar niyya ya faɗa amma ka ba shi haƙuri. Deksa kuma zomo na cikin dabbobin da ba sa jure ta, tana karya musu garkuwar jiki, ga ƙurji a ƙafa, ka ga an buɗe wa cuta ƙofa kenan, in aka haɗa ta da maganin ciwo irin dikulofenak ko meloksikam kuwa gyambon ciki ake nema. Ita ƙwayar kemis ɗin an yi ta ne don mutum mai kilo 60 ko 70, zomanyarka da wuya ta wuce kilo 2 ko 3, ko ka raba huɗu ya yi mata yawa nesa ba kusa ba. Tiramol ma kar wani ya kawo maka shi, ban da cewa doka ta tsaurara a kansa, gwajin da aka yi ya nuna ba ya zama a jinin zomo yadda zai yi aikin kirki.

Wannan cizon haƙoran mai ƙarfi da kake ji daga nesa ciwo ne, ya bambanta da ɗan ƙaramin karkarwar haƙori da suke yi in ana shafa su suna jin daɗi. Ka kalli fuskarta ma. A 2012 masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ingila sun fitar da hanyar gane ciwon zomo ta fuska, abu biyar ake dubawa: ido ya tsuke, kumatu su shafe, hanci ya matse, gashin baki ya miƙe ya canza zama, kunnuwa su kwanta baya a naɗe. In ka saba kallon nan za ka riƙa gane ranar da take jin jiki tun kafin ta daina ci.

Abin da za ka iya yi yau ba tare da ko sisi ba shi ne ka sauke ta daga kan wayar nan. Zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai tsakanin ƙashi da ƙasa, in ya tsufa ya rage motsi nauyinsa duk a dunduniya yake zama, waya ta yi ta cin wurin. Ka shimfiɗa katako ko kwali mai kauri, ka zuba busasshiyar ciyawa mai laushi da yawa a kai, kana canzawa kullum kar fitsari ya jiƙa wurin. Kar ka aske gashin ƙafar. In za ka ɗauke ta ka tallafi gindinta da hannu ɗaya, ba a ɗaga zomo ta kunne, ƙashinsu ba shi da nauyi, in ta yi harbi da ƙafa a sama bayanta na iya karyewa.

Amma ramar nan sai likita ya duba, don ƙafar ba lallai ita kaɗai ba ce. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba na ƙaruwa kusan milimita 2 duk sati, in dusa ta yi yawa a abincinta ciyawa ta yi kaɗan turamen ciki na yin tsini su yanki harshe da kumatu, daga waje ba za ka gani ba. Sannan tsohuwar zomanya da ba a cire wa mahaifa ba kansar mahaifa na yawan kama su bayan shekara 4, in ka taɓa ganin gudan jini a fitsarinta ka faɗa wa likitan. Daga Funtuwa Zariya ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, a Sakkwato kuma akwai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Borno akwai na Jami'ar Maiduguri. Ka sa ta a kwali mai huji da ciyawa a ciki ka yi sammako kafin rana ta yi zafi.

In sun ga ya dace meloksikam ɗin da na yi wa Hajiya bayani a sama shi za su fi ba ta. Na ruwan nan na kare ba ko'ina ake samunsa a nan ba, abin da aka fi gani ƙwayar mutane ce mai miligiram 7.5 ko 15, ko allurar shanu mai miligiram 20 a kowane mil, kuma dukkansu sun yi wa zomo ƙarfi, ɗigo ɗaya ya ƙaru lissafi ya ɓaci. Kar ka saya ka auna da kanka, ka bari likita ya auna nauyinta ya haɗa maka ya nuna maka zanen da za ka tsaya a sirinji. Ga kuma zafinmu, zomo in zafi ya haura digiri 30 ya fara galabaita, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, jiki ya bushe ga magani a ciki nan ƙoda ke taɓuwa. Ka ajiye ta a inuwa mai iska, kusa da randa in akwai don ta jingina da sanyin, ruwa kar ya yanke, maganin kuma ka ba ta da yamma bayan ka ga ta ci.

Maganar Baba kuwa kar ka ɗauke ta da zafi, shi ma wahalar dabbar ce ba ya son gani. Ka roƙe shi sati biyu ko uku a gwada. In ƙafar ta fara warkewa tana ci tana motsi shi da kansa zai gani. In kuma likita ya ce ƙurjin ya kai ƙashi ko kansa ta bazu, ko ba ka da halin samun maganin a kai a kai, to barinta cikin ciwo ba tausayi ba ne, sai ku zauna da Baba da likitan ku yanke shawara. Ka dai sani in an riga an fara mata magani sai ka tambayi likitan kafin a ci naman.

TAMBAYA: Likita nawa zomon shekararsa 9, an rubuta masa maganin amma da ya ga sirinji sai gudu, kullum sai mun yi kokawa har ina jin tsoron in ji masa ciwo. Ya zan yi? Daga wata mai karatu, Abuja.

AMSA: 'Yar'uwa ki daina kokawar, bayan tsoho ba ya son murɗawa. Maganin na da ɗan zaƙi kamar zuma, da yawansu in sun saba da kansu suke zuwa su lasa. Ki fara da diga shi a kan ɗan yankan ayaba kamar girman farcenki, ko ki naɗe a ganyen da ya fi so, ki tsaya ki ga ya cinye duka, kar ki zuba a ruwan sha don ba za ki san nawa ya shiga ba. In ya ƙi, ki zauna a ƙasa ki lulluɓe shi da tawul kansa kawai a waje, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, kar ki kwantar da shi rigingine don zai iya shaƙewa. Ki zura bakin sirinjin ta gefe, bayan haƙoran gaba akwai wani fili da babu haƙori, ki matsa kaɗan kaɗan kina barinsa ya haɗiye. Lokaci ɗaya kullum, wuri ɗaya, in an gama ki ba shi ɗan ganye a hannu.